Injin sanfefa ba ya son gaggawa

1/ Matasan kafintoci, kafin ku kira mai gyara a kan injin sanfefa mai ganga, ku tsaya tukuna. A ganina yawancin "lalacewarsa" gaggawarmu ce. 🧵

2/ Baƙin tabon ƙuna a jikin katako? Ko dai ka sauke gangar da yawa, ko gam da ƙaro sun toshe sanfefar. Ni rubu'in zagaye nake juya hannun, ba ƙari. Fara da lamba 80, sannan 120.

3/ Layin yana fitowa wuri ɗaya kullum? Cire filogi, duba naɗin. Sanfefa in ta ɗau zafi tana saki, baki ya hau baki. Sake naɗawa tamau, bar 'yar tazara.

4/ Gefe ɗaya ya fi siranta? Gangar ta karkace. Zizara fensir a faɗin katako, tura. Inda zanen ya rage, nan ta ɗaga.

5/ Bel na zamewa gefe? Ƙara ɗaure gefen da yake nufa, kaɗan-kaɗan.

6/ Katakon mai aiki in ya ƙone, aljihunka zai biya wallahi. Gwada da guntu tukuna.