DOGON HUTU YA ZO MINI DA FURFURA

Na san kun ji ni shiru kwana biyu, a yi mini afuwa. Dogon hutu ne ya kama, yara sun dawo, gida ya cika da hayaniya, ga damina ta kankama a Kano.

A da, da zarar ƙarshen Yuli ya gabato sai gabana ya riƙa faɗuwa, don na san har Satumba ba ni ba biro. Wannan ya yage mini takarda, wancan ya kifar mini da koko a kan babi guda. Sai sun yi barci nake kunna aci-balbal na rubuta abin da ya samu. Amma bana wallahi ni ce mai ƙirga kwanaki, har leƙen ƙofa nake yi.

Ranar da ta farin ta dawo daga makarantar kwana (kun san ba a faɗin suna), ta gama jarrabawar NECO, ta zauna tana yi mini tsifa. Can sai na ji ta yi tsit.

"Umma, furfura ce fa, har guda uku."

Na ce, "Ke tafi can, zare ne." Muka yi dariya, amma jikina ya yi sanyi. Dama tun bara ba na iya zura zare a allura sai da tabarau, ga gwiwa tana ƙara idan na tashi daga sallaya.

Ba furfurar ce ta hana ni barci ba. Da daddare maigidan ya ce mini wani abokinsa ya yi wa ɗansa maganarta. Na yi shiru. Tun 2003, lokacin da nake kai rubutuna wajen masu littattafai a kasuwar Sabon Gari, 'yan mata nawa na aurar a takarda? Duk masu shekara 17, na sa su kuka, na haɗa su da kishiya da uwar miji, masu karatu suna yaba mini. Yau ga tawa ta kai shekarun nan, kuma ita ba a goge mata shafi a sake.

Na ce, "Alhaji, don Allah a bari sakamako ya fito, a kuma ji ta bakinta." Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Hutun nan dai zai nuna.

Na kuma lura ban taɓa ba wa mace mai shekara 40 labarin kanta ba. Kullum ita ce muguwar uwargida ko mai bin bokaye. Ashe ban san ta ba ne sai da na zama ita. Littafin da na fara yanzu nata ne. Ina faɗa, yarinyar tana buga mini a waya, tana gyara mini.

Allah Ya sa mu ga ƙarshen hutun lafiya. Ku sa mu a addu'a.

Taku har kullum.