Wannan Da Ke Hannunka

A yawancin azuzuwan firamare da na shiga a Lafiya, hanya ɗaya ake bi wajen koyar da nunau na Turanci. Malami zai raba allo gida biyu, ya rubuta this daidai da wannan, that daidai da wancan, these waɗannan, those waɗancan, yara su yi ta rerawa har a tashi. Ranar jarrabawa kuwa sai jan biro ya cika takardunsu, a ce ba su da ƙwaƙwalwa. Ni dai a ganina laifin na allon ne.

A hutun bara na koyar da yara 'yan aji biyu a wata ƙaramar makaranta da ke Tudun Gwandara. Akwai Eggon irina, akwai Alago da Gwandara da Tibi da Barebari, kuma Hausa ce ta haɗa su a filin wasa, kamar yadda ta haɗa iyayensu a kasuwa. Ni ma a bakin titi na tsince ta kafin na zo jami'a. Wata rana na ɗaga littafi ina tsaye dab da wata yarinya, na ce ta faɗa mini da Turanci abin da ke hannuna. Ta ce "this is a book". Littafin aikinsu that yake so, tunda ni ke riƙe da abin. Na ce to ta faɗa da Hausa. Ta ce, "Anti, wannan littafi ne." Ta bi allo sau da ƙafa.

Abin da allon ya ɓoye shi ne Hausa ba biyu ta raba wuri ba, huɗu ta raba shi. Paul Newman a nahawunsa na 2000 da Philip Jaggar a nasa na 2001 duk sun yi bayanin haka. Akwai wannan mai karin sauti sama sannan ƙasa, wato abin da ke kusa da mai magana. Akwai wannan mai ƙasa sannan sama, wato abin da ke wajen wanda ake yi wa magana. Haka wancan ma iri biyu ne: wanda ake hange, da wanda ya yi nisa sosai. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti a rubutu, don haka kalmomi biyu sun koma ɗaya a kan allo. Wannan na biyun, Bature that zai ce masa. Ashe uku daga cikin huɗun namu sun tattaru a cikin that, amma an ce wa yaro wancan kaɗai ne.

Sai na goge allon na kawo lemo cikin leda. Na zaunar da su bibbiyu suna fuskantar juna. Mai riƙe da lemo ya ce this, abokinsa ya nuna ya ce that, sannan su yi musaya, kalmomin su ma su yi musaya. Wani yaro ya yi gardama, wai ai lemon bai canza ba. Gaskiyarsa ce, kuma darasin ke nan: nunau ba sunan abu ba ne, yana bin bakin mai magana. Batun jinsi bai ba su wahala ba, har murna suka yi da suka ji wancan da waccan duk that ne.

Wanda ya fi cin lokaci shi ne these. Hausa ba ta yarda da dogon wasali a rufaffiyar gaɓa, ga kuma Turancin buroka da ke kunnensu kullum, sai this da these duk su fito "dis". Idan malami ya yi musu shifta, shi ma sau da yawa "dis" ɗin yake faɗa. Ban nace a kan furuci ba. Na koya musu su saurari abin da ke biyo baya, is ne ko are, su ɗaga yatsa ɗaya ko biyu kafin su rubuta. Har hutu ya ƙare wasunsu "dis" suke cewa, amma a takarda sun daina haɗa su.