Uwar Shaihu Umar da Iyayenmu Mata

Kowane ɗalibi a makarantar nan ya san littafin Shaihu Umar, wanda marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, aka buga shi a 1934. In an tambaye mu a jarrabawa mukan ce labarin wani malami ne da aka sace yana yaro, ya girma a ƙasar Larabawa. Haka ne. Amma ni a ganina littafin na uwarsa ne, sunan ɗan kawai aka sa a bango.

Ku duba abin da ya same ta. Mijinta na fari ya rasu. Ta auri Makau, bafaden sarki, mahassada suka yi masa sharri aka kore shi daga gari. Ta tafi ganin iyayenta, kafin ta komo an ɗauke yaron. Shi Umar Allah ya haɗa shi da Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu. Ita kuwa ba ta sami mai riƙe ta ba. Ta bi sawunsa, wani ya yaudare ta da cewa zai kai ta wurinsa, ya ƙetare Sahara da ita har Murzuk, ta koma baiwa. Da suka sadu a ƙarshe ƙarfinta ya riga ya ƙare, ba ta jima ba ta rasu. Allah Sarki!

Babana ya ce a zamaninsu tarihi suka ɗauki wannan labari, abin da ya wuce tare da cinikin bayi. Mu 'yan Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda ba haka muke karanta shi ba. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashi 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Su an sako su bayan 'yan kwanaki, amma na ƙauyuka da na kan hanya, waɗanda rediyo ba ya faɗin sunansu, wa ya ƙidaya su?

Ɗan goggona yana cikinsu. An tare motarsu yana komowa daga kasuwa. Goggo ta sayar da tumakinta da keken ɗinkinta, dangi suka yi karo-karo, har aka yi ɓacin rai tsakanin baffannina a kan sayar da gonar gado. A watan Satumba na shekarar aka datse layukan waya a Zamfara, amma kullum sai ta ba da wayarta a kai caji. In an ce mata, "Yaya, ai babu sabis," sai ta ce a dai kai.

Uwar Umar ta sami hanyar da za ta bi, ko da ta kai ta ga bauta. Goggo ko wannan ba ta samu ba, don ba mai barin ta ta shiga daji. Zama ta yi a bakin zaure wata huɗu.

Ya komo da rai, alhamdu lillahi, ya rame ƙwarai. Ita ce har yanzu ba ta cin tuwon dare sai ta ji muryarsa a tsakar gida.