Mutum Biyu A Igiya Ɗaya: Hawa Lemar Teku



Duk wanda ya yi zaman ƙasar waje ya dawo gida ya san akwai tambayoyin da ba sa ƙarewa. Tun da na baro Maleshiya na dawo unguwarmu Moduganari, in dai na zauna majalisa bayan Magariba sai an tambaye ni kuɗin makaranta a can, ko yadda ake samun biza, ko in da gaske ne shinkafa suke ci safe da rana da dare. A 'yan shekarun nan an sami ƙarin wata tambayar. Yaranmu masu ɗan hali sun fara zuwa hutun amarci Dubai da Zanzibar da Masar, suna dawowa da hoton ango da amarya suna reto a ƙarƙashin wata ƙatuwar lema mai launi-launi, teku na can ƙasa. Sai na baya su ce su ma sai sun hau, iyaye kuma su ce ba da yawunsu ba. To, da yake ni da uwargida mun taɓa hawa, na ga ya dace in faɗi abin da mutum zai tarar, daɗinsa da hatsarinsa, don mai niyya ya san inda zai sa ido.

Wace irin lema ce?

Da farko mai karatu, kada ka haɗa ta da lemar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgin sama. Waccan saukowa ake yi da ita, wannan kuwa hawa. Turawa na kiran wasan farasailin. Jirgin ruwa mai gudu ne ke jan lemar da doguwar igiya, iska ta cika ta, ta ɗaga ta tare da mutanen da aka rataya a ƙarƙashinta, kamar dai yadda yaranmu ke ɗaura leda a zare su yi ta gudu da ita har ta tashi. Yawanci na sama ba shi da abin tuƙawa ko abin ja. Komai na hannun direban jirgi. Wani Bafaranshe mai suna Pierre-Marcel Lemoigne ne ya fito da irin lemar da ake ja ta hau sama a farkon shekarun 1960, sannan a shekarun 1970 wani Ba'amurke, Mark McCulloh, ya kawo jirgi mai injin naɗe igiya.

Wannan injin shi ya raba sana'ar gida biyu. Akwai masu tashinka daga kan yashi: a ɗaure ka, jirgi ya ja, kai kuma ka yi gudu da ƙafarka har lema ta ɗauke ka, in za a sauko kuma a bakin gaɓa za ka dira, cikin jama'a da bishiyoyi. Akwai kuma masu injin, waɗanda daga bayan jirgi za ka tashi kana zaune, a riƙa sakin igiya a hankali, in an gama a naɗo ka ka sauka inda ka tashi. Shawarata ita ce ka nemi na biyun ko da ya fi tsada, domin tashi da sauka daga kan yashi nan ne ake yawan karaya da gurɗewa. Kuma a wasu wuraren, irin su Fuket ta ƙasar Tailan, masu tashi daga yashi kan haɗa mutum da ɗaya daga cikin yaransu ya hau tare da shi. Mai tafiya da iyali sai ya tambaya tun kafin ya biya kuɗi.

Ranar da aka hana mu

Mu a Langkawi muka hau, wato rukunin tsibirai 99 da ke jihar Kedah, can arewa maso yammacin Maleshiya kusa da iyakar Tailan. Hutun ƙarshen zangon karatu ne, muka je da wani abokina ɗan Gwange da iyalinsa, 'yarmu kuma lokacin shekararta uku. Mun isa gaɓar da ake kira Pantai Cenang da La'asar sakaliya, rana na haskawa, mutane na ta wanka. Amma da muka je wajen mai jirgi, wani dattijo da rana ta ƙona, sai ya nuna mana can ƙarshen teku da hannu ya ce yau ya rufe, mu dawo da safe. Ba mu yi nisa ba wani saurayi ya biyo mu ya ce su suna ɗauka, har da ragi.

Na tsaya na dubi inda dattijon ya nuna. Ni ɗan Maiduguri ne, na san wannan duhun. Shi ne wanda ke haɗowa a farkon damina, gari ya yi tsit, zafi ya ƙaru, kafin ka kwashe shanya iska ta iso da ƙura tana ɗaye kwanon rufi. Na ce wa saurayin mun gode. Kafin mu gama cin abinci iskar ta iso, ta riƙa kifar da kujerun bakin ruwa. A rubuce, tsakanin hadari da haɗari 'yar lanƙwasa ce kawai, kuma a wannan wasan haka abin yake a zahiri. A wancan yankin, watannin Disamba zuwa Maris su ne na rani, Satumba da Oktoba kuma ruwa ya fi yawa. Ko a wane wata ne dai, safiya ta fi yamma kwanciyar iska.

Shiri da sutura

Da safe aka ɗebe mu a jirgi tare da wasu mutum shida, kowa na jiran layi. Abu na farko da za a tambaye ku shi ne nauyinku, domin lema na da iyakar abin da take ɗauka, kuma in nauyi ya yi kaɗan iska na wasa da ita. Wannan ba wurin jin kunya ba ne, a faɗi gaskiya. Daga nan sai a sa muku rigar hana nutsewa, da wata ɗamara da ke zagaye ƙugu ta bi ta ƙarƙashin cinyoyi, ta zama kamar mazaunin lilo. Ƙugiyoyin ƙarfe biyu ne ke haɗa ɗamarar kowa da sandar da ke ƙarƙashin lema. Mu gefe da gefe aka zaunar da mu. Wasu jiragen kuma ɗaya a gaba ɗaya a baya suke yi.

Batun sutura kuwa, mutumin Borno sai ya yi haƙuri ya bar hularsa Zanna Bukar a masauki, in ba haka ba kifi ne zai gaje ta. Babbar riga da jallabiya ba su da wuri a nan. Mace ta sa dogon wando mai kauri da riga mai ɗan tsawo, domin zani ko abaya ba sa zama da ɗamarar cinya. Uwargida ƙaramin hijabi ta sa, ta cusa bakinsa cikin rigar hana nutsewa, kuma har muka sauko bai motsa ba. Dogon mayafi na iya naɗewa a ƙugiya ko igiya, a ajiye shi. Waya da tabarau da silifa, duk abin da ba a ɗaure ba, in ya faɗi ya tafi ke nan. Wanda jirgin ruwa ke sa wa tashin zuciya kada ya cika ciki, don zaman jiran layi a kan igiyar ruwa ya fi hawan wahala.

Sai maganar iyo. Yawancinmu ba mu iya ba, kuma babu abin mamaki: tsakaninmu da Legas tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, Ngadda kuwa rabin shekara yashi ne. Bayan abin da muka gani ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga gari, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, babu mai cewa tsoron ruwa ƙauyanci ne. Ka gaya wa masu jirgi ba ka iya iyo ba. Suna da al'adar rage gudu har ƙafafun na sama su taɓa ruwa sannan su sake ɗaga su; in ba ka so, ka faɗa tun a ƙasa, domin a sama babu mai jin muryarka. Ku kuma yi yarjejeniya kan alamar hannu da za ka yi in kana son a sauko da ku.

A can sama

Na yi zaton za a fizge mu ne kamar motar da ta taka rami. Ashe a hankali abin yake, jirgi ya riƙa ƙanƙancewa, ƙarar injinsa na raguwa, har ta ɓace. Abin da ba hoton da zai nuna maka shi ne shirun. Ba ka jin komai sai iska a kunne da ɗan kukan ɗamara in ka motsa. Ba a jin faɗuwar gaba irin ta leƙawa daga saman bene, domin babu bango ko wani abu kusa da ido zai auna tsawo da shi. Muna ganin gonakin shinkafa a bayan otal-otal, da ƙananan tsibirai, da inda ruwa ya canza launi daga kore zuwa shuɗi. Duk hawan bai fi minti goma ba.

Muna cikin haka uwargida ta nuna wani ɗigo a kan yashi, inda muka bar yarinya wajen matar abokina. Ta ce, "Malam, ka san duk iyayen yarinyar can a igiyar nan suke?" Na dubi igiyar. Kaurinta bai wuce ɗan yatsana ba, ta yi lanƙwasa ta gangara har jirgi. Na ce, "Na sani, shi ya sa na tsaya duba ta kafin mu hau." Ta yi shiru, ta ƙara riƙe hannuna, muka ci gaba da kallo.

Inda hatsarin yake

Maganarta ita ce ainihin lamarin. Tsawo ba shi ke kashe mutane a wannan wasan ba. Iska ce da igiya da ɗamara. In injin jirgi ya mutu alhali iska na kwance, lema na saukowa a hankali ku faɗa ruwa, rigar ta riƙe ku har a zo a ɗauke ku. Amma in iska mai ƙarfi ta taso, lema kan fi ƙarfin injin naɗewa, igiya ta tsinke, iska ta tafi da mutane ta maka su da gini ko wayar lantarki, ko ta riƙa jan su a kan ruwa.

A jihar Fulorida ta Amurka, inda sana'ar ta fi ƙarfi, sai da aka yi rashi kafin a yi doka. A 2007, a gaɓar Pompano, igiya ta tsinke da wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, ƙaramar mai shekara 15 ta rasu. A 2012, a wannan gaɓar dai, wata mata ta hau tare da mijinta, ɗamararta ta tsinke ta faɗo, mijin na kallo. Sunayen waɗannan biyun aka sa wa dokar White-Miskell da ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2014. Dokar ta hana ɗaga kowa in gudun iska ya wuce mil 20 a awa, wato kusan kilomita 32, ko in ana walƙiya a tazarar mil 7, ta kuma tilasta wa masu jirgi yin inshorar aƙalla dala miliyan 1. A shekarar ce kuma hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahoto, inda ta ƙiyasta mutum miliyan 3 zuwa 5 ke hawa duk shekara a ƙasar, ta kuma nuna cewa ƙullin da aka saba yi wa igiyar na iya rage ƙarfinta da kashi 70 cikin ɗari, ko da sabuwa ce. Ka ƙara da rana da gishiri da yashi da ke cin ta kullum.

Wannan lissafin ya nuna yawancin masu hawa lafiya suke saukowa. Ya kuma nuna cewa in a Fulorida ta Amurka sai a 2014 aka sami irin wannan doka, to kada ka ɗauka kowace gaɓa da ka je akwai mai duba maka. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san igiyar guga da ta kusa tsinkewa: ta yi gashi-gashi, ta koɗe, ta bushe. Da wannan idon za ka dubi tasu, musamman kusa da ƙulli. Ka duba ɗinkin ɗamara, ka ga ko ƙugiyoyi sun yi tsatsa, ka tabbata sun rufe. Ka tambaya ko suna da lasisi da inshora, ka kuma lura ko mutum biyu ne a jirgi, ɗaya na tuƙi ɗaya na kallon na sama. Mai jirgin da ya ji haushin tambaya, bar masa jirginsa. Mai ciki, da mai ciwon zuciya ko ciwon baya, su yi kallo daga ƙasa.

Na biyun da ke gefenka

Abu na ƙarshe, kuma da ku nake, angwaye. A hawan mutum biyu, sau da yawa ɗaya ne ke so, ɗayan kara kawai yake yi. Amarya 'yar kwana bakwai ba za ta iya ce maka a'a ba, ko da cikinta ya ɗuri ruwa, musamman in ta ga an riga an biya kuɗi. Ka tambaye ta a ɗaki, ku biyu, kafin a je gaban mutane, kuma in ta ce ba ta so, maganar ta ƙare. Iyayenta amana suka ba ka. Masu 'ya'ya ƙanana kuma suna iya hawa ɗaya bayan ɗaya, ko kowa ya hau da wani ɗan'uwa. Babu wanda zai ce hutunsu bai cika ba.

Wanda ya sami dama, gari ya yi garau, kaya suka yi kyau, abokin hawa kuma ya yarda da zuciya ɗaya, to ya yi bisimilla ya hau, zai ga ikon Allah ta inda bai taɓa gani ba. In kuwa ɗaya daga cikin ukun nan ya yi rauni, a sayi kwakwa a zauna a inuwa, teku ba ya gudu. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, amin. Sai mun sake haɗuwa.