Sabon 85mm f/1.4 da hoton Hajiya Kaka (zare)

1/ Tunda na ɗora hotunan dinar ranar Asabar mutane ke ta shigo min da tambaya ɗaya: "Oga, da sabon 85 ɗin Sony ka ɗauka? Ka saya ke nan?" E, da shi na ɗauka. A'a, ban saya ba, aro aka ba ni na kwana huɗu. Bari in ba ku labarin. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Ga waɗanda ba 'yan harkar ba: lens shi ne idon kyamara, gilashin nan da ake ɗaurawa a gaba. Wannan da nake magana a kai ba ya zuƙowa. Yadda yake gani haka yake gani. In kana son amarya ta cika hoto, ƙafarka ce za ta taka.

3/ Ita kuma f/1.4 faɗin ƙofar da haske ke shiga ne. Ka raba 85 da 1.4, za ka samu kusan milimita 61. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Hasken da f/1.4 ke sha ya ninka na f/2.8 sau huɗu, ya ninka na f/4 sau takwas.

4/ Shi ya sa mu masu hoton biki muke mutuwa a kansa. Na farko, duhu. Duk wanda ya taɓa aikin kamu a tsakar gida bayan magariba, an ɗauke wuta, ana jiran yaro ya dawo da man inji, ya san abin da nake nufi. Na biyu, yana narkar da baya. Kujerun roba, fankar tsaye, gwaggon da ke zuba shinkafa a leda, duk su zama hazo mai kyau, amarya kaɗai ta fito.

5/ Nawa tsohon ne, FE 85mm F1.4 GM da ya fito a 2016, cikin ukun farko da Sony ta fara jerin G Master da su. Na hannu na saya, na ɗaura a kan a7 III. Sai da na sayar da babur na cika kuɗin. Har yau Mama ba ta yarda gilashi ya kai babur tsada ba.

6/ Sabon, GM II, ya fito a watan Agustan 2024. Giram 642 ne, tsohon 820. A rubuce bambancin kamar ba komai, amma ka riƙe kyamara daga la'asar zuwa sha ɗaya na dare ka ji abin da wuyan hannunka zai gaya maka. An kuma sauya injin fokas, an sa masa guda biyu irin waɗanda suke kira XD. Sony ta ce saurin fokas ɗinsa na iya kai ninki uku na tsohon.

7/ Ban auna ba, amma na ji a hannuna. Lokacin da ango da amarya ke shigowa, ƙawaye na rawa a gaba, masu liƙi na gittawa, ya kama idonta bai sake ba. Kuma shiru kake ji, ko motsinsa babu, abin da masu bidiyo za su fi kowa so. Gaskiya lens ne. Ba zan kushe shi don ba ni da kuɗinsa ba.

8/ Kuɗin kuwa lokacin da ya fito a 2024 kusan dala 1,800 ne. Ka buga da canjin yau da kanka, ni dai na san ya haura miliyan biyu da nisa. Daren Lahadi na zauna ina lissafin abin da zan sayar. Ina cikin duba tsofaffin ayyuka don in gwada su da na sabon, sai na faɗa kan hoton da na daɗe ina kauce wa buɗe shi.

9/ Bikin ƙanwar abokina ne, shekara biyu da suka wuce. Yarinyar a gabana ta girma, Yaya take ce min. Suna da kaka, kowa Hajiya Kaka yake ce mata. Tsohuwar nan ba ta son hoto ko kaɗan. Da ta ga kyamara sai ta ja mayafi ta ce, "Kai mijin nawa, kawar da abin nan, ni ba 'yar fim ba ce."

10/ Daren kai amarya, ana gab da fita da ita, aka shigar da ita ɗakin Hajiya Kaka ta yi mata sallama. Amarya ta durƙusa a gaba tana kuka, tsohuwa na zaune bakin gado a bayanta, ta ɗora hannu a kanta. Sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "To ɗauki ɗaya, tunda yau za a raba ni da ita."

11/ Ɗakin fitila ɗaya ce mai caji. Ni kuwa a lokacin lens ɗina kullum a f/1.4 yake, kamar an yi masa walda. Ina ganin ai kuɗin f/1.4 na biya, me zai sa in rufe? Na ɗaga, kyamara ta kama idon amarya don shi ne a gaba, na danna sau uku. Na leƙa ƙaramin allon, na ga ya yi kyau. Aka fita da amarya.

12/ Sai da na buɗe a kwamfuta na ga abin da na yi. Amarya tar, har hawayen da ke kan gashin idonta ana gani. Hajiya Kaka kuwa dishi-dishi. Ka san mutum ne, ka san tsohuwa ce, amma fuskar ta narke kamar yadda kujerun roba ke narkewa. Duka ukun haka.

13/ Ga lissafin da na sani a ka amma ban sani a hannu ba. Da 85mm a f/1.4, in kana nesa da mutum mita uku, wurin da zai fito tar bai wuce santimita goma ba daga gaba zuwa baya. In ka matso mita biyu, ya koma ƙasa da biyar. Tsakanin fuskar amarya da ta kakarta ya fi haka nesa ba kusa ba.

14/ Da na rufe zuwa f/5.6, wurin zai kai kusan santimita arba'in. E, hasken zai ragu sosai, dole in ɗaga ISO, hoton ya yi ɗan yashi-yashi, ko in kunna filasha in harba ta silin. Filashar tana jakata fa. Ƙyashin ciro ta na yi, wai kar in ɓata yanayin ɗakin.

15/ Bayan wata biyar Hajiya Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Bayan sadakar bakwai amarya ta turo min saƙo: "Yaya, don Allah ko akwai wani hotona da Hajiya Kaka wanda fuskarta ta fito? Ko da bai yi kyau ba." Na kwashe dare ina bincika katin bikin. Hoto sama da dubu. Akwai na takalmi, na lalle, na kek ta kowane ɓangare. Na tsohuwar, ukun nan ne kawai.

16/ Wani ya ce in ba manhajojin nan masu gyara fuska. Na gwada. Suka fito min da wata tsohuwa kyakkyawa, fata sumul, wadda ba ita ba ce. Babu tsagar da ke gefen fuskarta, babu yadda take ɗan kanne ido in za ta tsokane ka. Na goge. Na kira amarya na gaya mata gaskiya, cewa kuskurena ne. Ta ce, "Ba komai Yaya, turo min hakanan." Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

17/ To a daren Lahadin nan na tambayi kaina: da sabon ne a hannuna a ɗakin, me zai canza? Zai kama idon amarya da sauri fiye da tsohon. Shi ke nan. Santimita goman nan tana nan, domin 85mm a f/1.4 haka yake ko wane kamfani ya ƙera shi, ko a wace shekara.

18/ Kar a fahimce ni a baibai. In aikinka bidiyo ne, ko kana yawan ɗaukar masu motsi, ko hannunka ya fara ciwo irin nawa, kuma kuɗin ba zai taɓa jarinka ba, saya, za ka ji daɗinsa. In kuma yanzu ka fara, Sony na da 85mm f/1.8, giram 371, kuɗinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na wancan. Bambancin haskensu bai kai ninki biyu ba. Sigma ma ta fitar da 85mm f/1.4 na kyamara marar madubi tun 2020, a farashi ƙasa da na Sony. Babu uwar amaryar da za ta kalli albam ta gane da wanne ka ɗauka.

19/ Abin da ya ba ni dariya, na koma na duba hotunan Asabar ɗin da kuke ta yabawa. Wanda aka fi so, na ango da mahaifiyarsa da ƙannensa biyu, a f/5 na ɗauke shi, da filasha. Wanda na ɗauka a f/1.4 cikin waɗanda na ɗora guda biyu ne kacal, duka na amarya ita kaɗai.

20/ Litinin na mayar wa mai shi kayansa. Ya ce in ina so zai bar min a biya sau uku. Na ce ya ba ni zuwa bayan sallah in ga yadda aiki zai kasance, don har yanzu raina na kansa, ba zan yi muku ƙarya ba. Kuɗin da na fara tarawa na cire wani abu na sayi filasha ta biyu da batura.

21/ Hoton kuwa ta wanke shi babba, yana falonta a Zariya. Na je barkar haihuwa watan jiya na gan shi a saman talabijin. Wata baƙuwa ta tambaya wace ce a bayan, ta ce kakata ce. Ni dai na sunkuyar da kai na ci gaba da shan kunu.