Ƙarar Sabon Babur

Kowane inji yana da muryarsa, amma mai sabon babur bai saba da muryar nasa ba tukuna, saboda haka ƙara kaɗan sai gabansa ya faɗi. Balle a ce kuɗin ba daga aljihunsa ya fito ba. Nawa dai 'yan'uwa ne suka yi karo-karo a shekarar 2022 suka saya mini, domin in riƙa kai ziyara gidajen da ke nesa, irin su Umbadda. Akwai gwauruwar da ta ba da kuɗin cefanenta a ciki.

Bai cika sati biyu ba sai na fara jin wani kas-kas-kas daga saman injin, kamar keken ɗinki. Wanda ya sayar mana ya riga ya ce in aka buɗe injin a wani wuri, ba ruwansa kuma. Wani yaro makanike ya saurara sau ɗaya ya ce fistan ne, a sauke inji. To, ina zan sa kaina? In na yarda a buɗe, garanti ya tafi. In na ƙi, inji ya buga, da wane baki zan yi wa jama'a bayani?

Aka kwatanta mini wani tsoho a gefen Kasuwar Umdurman. Wannan kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ne, wanda ya cinye rumfuna da yawa a kasuwar. Bahaushe ne, kakanninsa suna cikin waɗanda suka taso aikin hajji a ƙasa suka zauna a Sudan. Kowa yana ce masa Usta, wato ƙwararre.

Bai taɓa sifana ba. Ya ce, "Malam, da safe ta fi ƙarfi, ko in injin ya yi zafi?"

Na ce, "Da safe, Baba."

"In ka tsaya cak, injin yana aiki, tana ɗaukewa?"

Na ce tana nan. Ya ce ke nan ba sarƙa ba ce, ba ƙafa ba ce, domin ƙarar waɗannan gudun taya take bi, tawa kuwa gudun inji take bi. Ya tambaya ko a kan hawa ko da kaya ne take zuwa, gama wannan sau da yawa gurɓataccen fetur ne. Ya girgiza murfin salansa, wai sau nawa ya ga mutum ya rasa barci a kan noti ɗaya da ya kwance.

Sa'an nan ya ɗauko dogon sukudireba, ya kafa bakinsa a jikin injin, ya manna kunnensa a ƙotar. Ya fara daga ƙasa, ya hau tsakiya, ya tsaya a kai. Ya miƙo mini, ni ma na ji. A ƙasa gurnani ne sumul, a sama kuwa kas-kas ɗin kamar a cikin kaina.

Bawul ne. Tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi akwai 'yar rata, wajen kaurin gashin kai, an bar ta ne domin ƙarfe yana kumbura in ya ji zafi. A sabon inji sassa suna goga juna har su zauna, sai ratar ta canja. Tawa ta ɗan yi faɗi. Abin da ya ba ni mamaki, ya ce bawul mai surutu bai cika ba shi tsoro ba, wanda aka matse har ya yi tsit shi ne ba ya rufuwa sosai, har ya ƙone.

Ya ƙi gyarawa kuma. Ya ce, "Malam, koma wurin mai shi. Saitin bawul da juyen baƙin mai na fari haƙƙinka ne. Ka kai masa da sassafe ka jira injin ya huce, ba a auna ratar da zafi." Kuɗin shayi kaɗai ya karɓa.

Kashegari aka yi saitin a gabana, bai kai rabin awa ba. Baƙin man da aka juye yana ƙyalli da garin ƙarfe, suka ce haka na fari yakan fito.