Daga tashar Dakoro zuwa ɗakin fiɗa

Mai barin Maraɗi ya nufi arewa ta hanyar Tibiri da Kornaka, sai ya ci wajen kilomita 120 kafin ya iso Dakoro. Nan ne gona take fara ja da baya, makiyaya ta karɓi wuri. Gaba kaɗan ga kwarin Tarka, ga rugagen Fulani da zangon Buzaye. Abubuwa da dama ba su kai can ba, amma sigari ya kai. Duk inda mota ta tsaya za ka tarar da mai tebur, da ashana da alewa da kwalin taba a buɗe, ana sayar da ita kara-kara, ta yadda ko mai ƴan canji ba zai koma hannu wofi ba.

Ɗan mai masaukina yana karatun likita, ya zo hutu bayan wata uku da ya yi yana ganin aiki a wani babban asibiti na ƙasar Maroko. Da dare, ana shayi, na tambaye shi abin da ya fi tsaya masa a rai. Ya ce, yaya, huhun mutum ne. An kwantar da wani magidanci ta gefe, aka tsaga tsakanin haƙarƙari biyu, aka sace iskar huhu ɗaya ya lafe, ɗayan yana riƙe da rai. A littafi ya san huhu da launin ja mai haske. Wanda ya gani ya yi dabbare-dabbare da baƙi kamar gindin tukunya, ga wani ƙulli mai tauri a samansa. Huhun dama kashi uku ne, likitan ya cire kashi guda, ya bi ƙananan kaluluwa yana tsincewa don a duba ko cutar ta yaɗu. Malaminsu ya ce wannan mai sa'a ne, domin galibin masu sankarar huhu ba su zuwa sai wuƙa ta daina amfani.

Ba shi ne ɗalibin farko da irin wannan gani ya girgiza ba. A 1948 wani ɗalibin likita a Amurka, Ernst Wynder, ya halarci binciken gawar wani mashayin sigari da sankarar huhu ta kashe. Ya kai zarginsa wurin Evarts Graham, likitan da a 1933 ya fara cire huhu sukutum saboda sankara, majinyacin kuma ya tashi. Graham, mashayi ne shi kansa, bai gaskata ba, amma ya bar yaron ya yi bincike. A 1950 suka fitar da sakamako kan majinyata 684, kusan dukansu mashaya. Graham ya bar taba, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe: sankarar huhu ce ajalinsa a 1957, majinyacin nan nasa na 1933 yana raye.

To, jama'a masu karatu, mu dawo gida. Idan makiyayi ko direban Dakoro ya daɗe yana tari, tarin fuka za a fara zato, kuma da hujja, tunda ya yi yawa a ƙasarmu, taba ma tana buɗe masa ƙofa. In ba shi ba ne, sai Maraɗi, daga nan sai Yamai, tafiyar sama da kilomita 600. Na'urar gasa sankara ta farko a Nijar sai a 2021 ta fara aiki a can. Kowa ya san bijimi nawa irin wannan tafiya take ci, ban da masu jinya da aka ɗauke daga gona.

Magana ce mai nauyi a gaban ƴan kasuwa, amma sai an faɗe ta. Tun shekarun 1970 fiton sigari zuwa Najeriya yana cikin abin da ya gina dukiyar wasu alhazan Maraɗi, baitulmali kuma ya sha nasa rabo a kuɗin duwan. Ban ga laifin mai tebur ba, abincin iyalinsa yake nema. Waɗanda suka fi shi ilimi nake duba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba a 2005, ta kafa doka a watan Mayu na 2006 mai hana talla, da sha a wuraren taruwar jama'a da ma'aikatu, da sayar wa yara. A kwana ukun da na yi a garin, sau biyu na ga ma'aikaci mai albashi ya miƙa wa ɗan makaranta kuɗi ta taga, ya ce ya ruga ya sayo masa kara biyu.